Motar da Ta Kwana a Ɗakin Bibata

Ranar da motar ta shigo Gaya, Bibata tana tsugune gaban murhun bandarta tana juya tarwaɗa. Ta ji guɗa a ƙofar gida, ta ji unguwa ta ɗauka, amma ba ta tashi ba sai da ta juya kifi na ƙarshe.

Gidansu da namu katanga ɗaya ta raba, katangar kuma ba ta kai kafaɗa ba. Abin da ke cikin labarin nan, wani da idona na gani, wani da kunnena na ji.

Shekara biyu ke nan da samun mulkin kai. Ƙanenta Idrisa, wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, a Doso, ya hau kujerar da wani Annasara ya bari a biro, ofishin gwamnati, gari duka na ce masa Mushe Idrisa, irin kiran girma da ake wa Annasara. Ita kaɗai take kiransa Auta, don ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu. Gidan na ubansu ne. Tun da mijinta ya rasu ta dawo ɗakin da ke jikin katangar titi, wanda uban ya rufe da azarar giginya da kwano, ta shekara goma sha ɗaya a cikinsa.

Motar sabuwa ce fil, ruwan madara, kujerunta jajaye. Daga Kwatano aka ɗoro ta a jirgin ƙasa zuwa Faraku, daga can wani sofer ɗan Dahome ya tuƙo ta ta gadar Malanbil. Bibata ta fito tana goge hannu a zane, ta zagaya ta, ta ga fuskarta a jikin ƙofa, ta yi dariya.

"Auta, wannan taka ce? Kai ɗin da nake wa wanka a kwatarniya?"

Ta miƙa hannu za ta shafa.

"Yaya, tsaya! Kar ki taɓa."

Hannun ya tsaya a sama.

"Maiƙon kifi ne a hannunki. In ya hau fenti ba ya fita."

"To, Allah ya sa albarka," in ji ta. Ta mai da hannun bayanta, ta ƙarasa addu'ar daga nesa.

Kafin soferen ya juya, ya ba Idrisa gwangwanin siraj na goge fenti, da wata fata mai laushi kamar tsumma, da bash na rufewa. Ya jero masa dokoki, shi kuma yana rubutawa a kaye, ɗan littafinsa. Ba a wanke ta cikin rana. Ba a goge ta a bushe. Ruwan gulbi sai an tace. Toka da yashin da mata ke dirje tukwane kada su kusance ta. Kashin tsuntsu yana cin fenti. Hayaƙi kuwa ya fi duka ɓarna.

Kwana uku bayan haka Idrisa ya ja yatsa a kan rufin motar, ya duba yatsan, ya nufi bayan gida.

"Yaya, bandar nan sai a dakata."

"Har yaushe?"

"Har in ga yadda za a yi."

"Sarkawa na kawo mini kifi kowace safiya. In ce musu me?"

"Ki ce kin huta. Me kika rasa a gidan nan? Tuwo ne babu? Mutum kamar ni, a ce yayarsa na tsugune cikin hayaƙi kamar ba ta da kowa?"

"Hayaƙin nan ne ya kai ka Doso, Auta."

"Na sani. Shi ya sa nake so ki huta."

Ta yayyafa wa murhun ruwa. Hutun ya yi kwana biyu. A rana ta uku ya ajiye mata bokiti biyu a ƙofar ɗaki.

"Tunda kina zaune, Yaya. Ba zan ba wani na waje ba, ya yage mini ita. Ke kina da hankali da abu."

Haka aikin ya fara. Da sassafe sai ta wanke hannu da sabulu sau uku, ta cuɗa da lemun tsami, ta miƙa masa ya shinshina. In ya ce da saura, ta koma. Ruwan tun jiya take ɗauko shi daga gulbi a kanta, ta bar shi ya kwanta, ta tace da farin ƙyalle. Bokiti ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraya. Daga rufi ake farawa a gangaro, tayoyi su ne na ƙarshe kuma tsummansu daban. Sannan ta tsane ta da fatar nan kafin rana ta ɗago, don kada ɗigon ruwa ya bushe ya bar tabo. Ranar Lahadi ta siraj ce: a lakato kaɗan, a shafa a zagaye, a bari ya yi fari, a goge har kafaɗa ta mutu. Cikin motar kuwa a durƙushe take yin sa, a kan tabarma daga waje, rabin jikinta a ciki. Ta naɗa auduga a tsinke ta bi duk wani lungu da ƙura ke ɓuya. Gilashi da tsohuwar jarida take murza shi. Kullum hannunta na kan kujerun nan, amma ko sau ɗaya ba ta zauna a kansu ba, ba wanda ya ce ta zauna.

Gaskiya ita ce ta iya. Matar da ta yi shekaru tana gane kifin da ya gasu da ido, ba ɗigon ruwa ne zai ɓace mata ba. In motar ta fito, mutane sukan tsaya a bakin hanya suna cewa ko ta kwamanda ba ta kai ta sheƙi ba. Idrisa yakan ɗaga musu hannu ɗaya.

Da damina ta kusa, wata rana da hantsi akuyar unguwa ta ɗare kan motar, ta tsaya tana tuƙa. Ta bar wani ɗan zane a gaba, bai fi farce ba. Idrisa bai ci abincin rana ba. Da yamma ya aika aka kira Kawu Alfari, ƙanen ubansu, suka zauna a zaure, sannan aka kira Bibata.

Kawun ne ya yi magana, yana kallon carbinsa.

"Bibata, motar nan ba za ta ci gaba da kwana a waje ba. Yau akuya, gobe iska ta jefo reshe. Ɗakin da ke jikin titi ɗaya ne a gidan nan."

"Nawa."

"Naki. Shi ya sa aka kira ki."

"Kawu, a ɗakin nan Baba ya cika. Kai ka rufe masa ido."

"Allah ya ji ƙansa. Da yana da rai, da shi zai fara cewa a buɗe. Jiya jiya Annasara kaɗai ke shiga irin wannan, mu muna kauce masa a hanya. Yau ga ta a ƙofarmu. Wannan mutuncin gidan ne duka, har da ke."

"Ni kuma in kwana ina?"

"Ga ɗakin ajiya can baya," in ji Idrisa da sauri. "Na ɗan lokaci ne, Yaya. Da an gama damina zan gina miki na siminti, mai taga biyu."

"Ɗakin ajiya na zuba."

"Za a ƙara masa ciyawa."

Ta dubi kawun, kawun ya dubi carbi. Ta ce, "An ce Annasara ya tafi mun sami ƙasarmu. Ni dai ɗakina na rasa."

"Ke dai da baki," in ji Kawu Alfari, ya yi dariya, ya shafa fatiha.

Washegari magini ya fasa katangar titi, ya buɗe ƙofa mai faɗi, ya tara tubalan a gefe. Aka fitar da gadonta da tukwanenta. Adudunta kaɗai aka bari a kan kantar bango can sama, don ita da kanta ta ce kada ruwa ya taɓa shi. Ciyawar da za a ƙara ba ta zo ba.

Idrisa ba ya yarda a tada injin a cikin ɗaki, wai hayaƙinta zai kwanta a kan fenti. Saboda haka da hannu ake fitar da ita, da hannu ake mai da ita. Da farko tare suke turawa. Daga baya ya koma shiga ciki yana riƙe sitiyari, ita tana turawa ita kaɗai. Da ruwa ya kankama, hanyoyi suka yi laka, sai ya daina fita da motar gaba ɗaya, yana tafiya biro a ƙafa da takalman roba. Amma dole a fito da ita kullum ta sha iska don kada kujeru su yi fumfuna. Sai ya nuna wa Bibata yadda ake saki birkin hannu, da yadda ake girgiza giya a tabbatar tana sake, da inda ake sa dutse a bayan taya. Ya bar mata ƙofar motar a buɗe, ya sa makullin inji a aljihu.

Kowace safiya bayan ruwa, nakan ga tabarmarta da mayafinta a shanye kan katangarmu, suna ɗiga. Cikin wata guda tari ya kama ta. Gwiwoyinta suka kumbura don durƙuso, in za ta tashi sai ta dafa ƙasa, don ba a dafa mota. Zanenta ya fara yi mata yawa.

Ƙawayenta na bakin gulbi, Kadi da Jumma, waɗanda suke banda tare tun suna 'yan mata, suka zo duba ta. Suka same ta tana murza gilashi.

"Fofo, sannu amarya!" in ji Kadi. "An ce kin yi sabon miji, kullum sai kin yi masa wanka kin shafa masa mai."

"Har ɗaki ta bar masa," in ji Jumma. "To me yake ba ki?"

"Tari," in ji Bibata.

Suka yi dariya, ita ma ta yi, dariyar ta koma tari, ta juya da sauri don kada ya fesa wa ƙofa. Kadi ta daina dariya.

"Bibata, kifin mijina Hama yanzu sai dai mu kai wa matan Yelu, su ƙone shi waje ɗaya su bar waje ɗaya ɗanye. 'Yan Kamba har yau suna tambaya ina mai bandar nan. Mu ce kin mutu ne?"

"Ku ce ina hutawa."

Zuliha, matar Idrisa, ba muguwa ba ce. Takan kawo mata kunu da zafinsa, ta tsaya a bakin ɗakin ajiya tana kallon rufin da hasken rana ke ratsawa.

"Ni me zan ce, Yaya? Shi ne mai gida. In na yi magana sai ya ce ban san darajar abu ba."

Shi kuwa Idrisa, da ya ji tarin ya yi yawa, sai ya kawo mata ƙwayoyi daga likita a ƙunshe cikin takarda, tare da wani ƙyalle.

"In za ki shiga cikin motar ki riƙa ɗaure baki da wannan. Numfashi yana dusar da gilashi."

"Ɗakin fa, Auta?"

"Yaya, ana gini da damina? Ki yi haƙuri mana. Kwana nawa ya rage?"

Ta ɗaure bakin. Ta ci gaba.

Wata Lahadi ta buɗe ƙofar motar za ta fara aiki, sai ta tarar an lulluɓe kujerun da farin alawayyo, an ɗinka shi daidai jikinsu, gaba da baya. Ta ce a ranta ya yi kyau. Ta kai hannu ta ja gefe ɗaya don ya miƙe, sai ta ga wani ɗan ƙulli na shuɗin zare a kusurwa. Ta daɗe tana kallonsa. Ta ɗaga kai ta dubi kantar bangon. Adudun yana nan, murfinsa a karkace.

Yadin likkafaninta ne. Shekara shida da suka wuce ta saye shi da guminta, ta wanke, ta naɗe da turaren itace, ta yi masa alama da shuɗin zare, don ranar da ta cika kada a tsaya neman komai a hannun kowa.

Idrisa na zaune tsakar gida yana shan kafe. Ta zo ta tsaya a kansa, ƙyallen bakin a hannunta.

"Wa ya buɗe adudu na?"

Zuliha ta leƙo daga madafa. "Ni ce, Yaya. Ya ce in nemo farin yadi mai tsabta, ranar kasuwa kuma da saura. Wallahi ban san..."

"Kai fa? Kai ma ba ka sani ba?"

Idrisa ya ajiye kofi. "Na sani bayan tela ya riga ya yanka. Yaya, yadi ne fa. Kujerun sun fara ɗige-ɗige, in fumfuna ta kama su shi ke nan. Ke da mutuwa yanzu? Ranar da ta zo, ni zan kawo wanda ya fi wannan sau goma."

"Wanda ya fi shi."

"Na rantse miki."

"To," in ji ta.

Ta koma ta yi wa motar siraj ɗin Lahadi kamar kullum. Ni da nake ji ta kan katanga, wannan "to" ɗin ta fi ba ni tsoro da a ce ta yi kuka.

Ranar Laraba aka kira Idrisa taro a Doso. Hanya ta yi laka, don haka ya bar motarsa ya hau kamiyon biro, babbar motar kaya. Ya ce sai Jumma'a.

Ranar Alhamis da sassafe Bibata ta leƙo ta kan katanga ta kira ni. Na zagaya, na tarar da Kadi da Jumma da wata ƙanwar Jumma mai suna Mariyama a ƙofar ɗakin.

"Ku wanke hannu," in ji Bibata. Ta miƙo sabulu da lemun tsami.

"Kai, mu ma?" in ji Kadi.

"Sau uku. Ba na son ya sami ko abu ɗaya da zai kama."

Muka wanke. Ta shiga ta saki birki, ta girgiza giya, ta fito ta shimfiɗa mana tsumma inda za mu dafa. Mu biyar muka tura. Motar ta silalo waje a hankali, Kadi na yi mata guɗa ƙasa-ƙasa, tana cewa a sauka lafiya, ango. Bibata ba ta bari mu tsaya a gindin dalbejiya ba, saboda tsuntsaye. Sai da muka kai fili, nesa da inda hayaƙin gidan zai bi, sannan ta ja birki, ta sa duwatsu a tayoyi huɗu.

Ta zare farin yadin daga kan kujeru, ƙyalle bayan ƙyalle, ta naɗe ta ba ni in riƙe. Sannan ta wanke motar. Ban taɓa ganin ta wanke ta haka ba. Ko da yake ba Lahadi ba ce, ta yi mata siraj tun daga gaba har baya, ta bi lungunan ciki da tsinke da auduga, ta murza gilashi har ba ka sanin akwai shi. Ta ja bash ta rufe, ta ɗaure kusurwa huɗu. Ta kwance ƙyallen bakinta ta ɗora a kai.

Tubalan da magini ya tara suna nan. Jumma da Mariyama suka kwaɓa ƙasa da ƙafa, ni da Kadi muna miƙawa, Bibata na jerawa. Ba wadda ta taɓa gini a cikinmu. Katangar ta fito a karkace, ciki a tsakiya kamar mai wata shida, amma ta tsaya. Kafin azahar gadon ya koma inda yake, tukwane sun koma, adudu ya sauko daga kan kantar bango.

Zuliha na tsaye tana murza hannu.

"Yaya, in ya dawo in ce masa me?"

"Ki ce masa abin da kika gani. Ki ce ni ce. Kada ki ce ba ki nan, kina nan."

Da rana ta karkata sai ga Hama, mijin Kadi, da kwando biyu na tarwaɗa da kurungu. Bibata ta kwashe jiƙaƙƙiyar toka daga murhun, ta jera itace, ta hura. Wata biyar rabon unguwarmu da wannan ƙamshi. Har daga bakin masallaci aka aiko ana tambaya ko Bibata ce ta dawo.

Jumma'a bayan la'asar kamiyo ya sauke Idrisa a kan kwana. Hadari ya haɗo daga gabas. Ya fara ganin motar a fili, sannan katangar, sannan hayaƙin. Ya jefar da jakarsa ya shiga gida da gudu. Mutanen da suke dawowa daga masallaci suka tsaya, wasu suka bi shi har zaure.

"Wa ya taɓa mini mota?"

Bibata na gaban murhu. Ba ta juyo ba sai da ta gama layin da take juyawa.

"Sannu da hanya, Auta."

"Na ce wa ya fitar da ita? Da izinin wa?"

"Ni. Kai ka koya mini."

"Kin san abin da kika yi? Hadari ne wancan! Ki kashe wutar nan yanzu, a rushe wannan shirmen, a mai da ita ciki!"

"Ba za a kashe ba, ba za a rushe ba."

Wani ya riga ya kira Kawu Alfari, ya shigo yana haki.

"Bibata, a gaban mutane? Ƙanenki babban mutum ne a garin nan. Me za a ce?"

"A faɗi abin da aka gani, Kawu. Wata biyar ana gani ba a ce komai ba."

Ta tashi, ta dafa gwiwa, ta shiga ɗakinta, ta fito da gwangwanin siraj da fatar gogewa. Ta wuce su duka ta fita titi, kowa ya bi ta. Ta kwance igiya, ta yaye bash ɗin. Ko a ƙarƙashin wannan baƙin hadarin motar na ɗaukar ido.

"Duba ta," in ji ta. "Zagaya. Duba da kyau, ga shaidu."

Ya zagaya. Ba zai iya hana kansa ba. Ya durƙusa ya duba ƙasan ƙofa, ya ja yatsa a rufi, ya leƙa ciki ya shinshina. Ya dawo inda ya fara.

"Ka sami zane?"

Ya sake leƙa gaban motar.

"Ka sami tabo? Ƙarnin kifi?"

"Babu."

"Ɗaga murya, Kawu bai ji ba."

"Na ce babu."

"To. Wata biyar tana hannuna, ga yadda na mai da maka ita. Ni ma wata biyar ina hannunka." Ta ja zanenta sama kaɗan, gwiwoyin suka fito, kumburarru, baƙaƙe. Ta buɗe tafin hannunta da sabulu ya tsattsaga. "Zagaya ni, Auta. Duba ni kamar yadda ka duba ta."

Ya kau da kai wajen motar.

"A'a, ni. Ka san akuya ta yi mata zane kamar farce, ka kasa cin abinci. Ni na yi wata uku ina tari, ka kawo mini ƙyalle don gilashi. Ka cire ni daga inda Baba ya cika, na yi shiru. Ka kashe mini wuta, na yi shiru. Har kayan da zan shiga kabari da su ka yanka wa kujera. In na sake yin shiru, me ya rage ka ɗauka?"

"Na ce zan gina miki..."

"Gina wa motarka. Ita ce ba ta da gadon uba a gidan nan, ni ina da shi."

Ta kama hannunsa, da hannunta mai maiƙon kifi, ta ɗora masa gwangwanin da fatar.

"Daga rufi ake farawa. Tsumman taya daban ne. Kar ka bari ruwa ya bushe a jikinta."

Kawu Alfari ya dubi fuskokin mutane, ya koma kan carbinsa. Iska ta taso ta ɗaga bash ɗin tana neman tafiya da shi. Ɗigon farko ya faɗo a kan rufin motar, babba, da ƙara. Idrisa ya dubi katangar, ya dubi matan nan huɗu da muke tsaye a gabanta, ba wadda ta matsa. Ya saki gwangwanin, ya ruga ya cafke bash ɗin. Ya ja wannan kusurwa, waccan ta tashi. Ya waiga neman mai kama masa, mutane sun riga sun watse neman mafaka. Na bar shi a nan cikin ruwa, da farar rigarsa ta taro, ya kwanta rabin jiki a kan motar yana danne bash da ƙirji.

Mu kuwa muka kwashe kifin muka shige ɗakin Bibata. Ruwa na dukan kwano, ko ɗigo bai sauko ba. Ta zauna a bakin gadonta, ta ɗauko yadin nan, ta fara warware ɗinkin tela da allura.

"Ai ya lalace," in ji Jumma. "Gunduwa shida ne."

"Zan haɗa shi."

"Likkafani da faci?"

"Da faci. Wadda za ta wanke ni ta gani, ta tambaya, ku ba ta labari."

Idrisa ya yi kwana goma sha biyu ba ya gaishe ta. A cikin kwanakin ya sa aka kafa wa motar rumfa a gefen nasa ɗakin, aka yi aka gama cikin damina, wadda aka ce ba a gini a cikinta. Shi yake wanke ta yanzu kafin ya tafi biro, kuma duk wanda ya san ta a da ya san ta rage sheƙi. Daga baya ya turo magini ya gyara katangar da muka jera, wai tana ba shi kunya, a kan titi take. Bibata ta tare maginin a ƙofa da muciyar juya wuta a hannu, ta ce ya koma inda ya fito. Katangar na nan yadda muka bar ta, da cikinta a gaba, hayaƙi ya yi mata baƙi.